Hanya Biyu, Fayil Ɗaya

Duk wanda ya zauna Yelwa a shekarun da jihar Kebbi ke tasowa ya san Ɗangana mai kwamfuta, ko bai san shi da ido ba ya ji sunan. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya, kullum da biro biyu da ƙaramin sukundireba a aljihun gaba. Ubansa mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, a gindinsa ya koyi kwance abu ya mayar. Daga nan ya koyi bugun tafireta, ya koyi kwamfuta a wani shago a Kontagora, ya dawo gida aka ɗauke shi aiki a wani ƙaramin ofishi da ke ba masunta lasin kamun kifi a bakin ruwa. Mutum ne mai kirki, ba na hana shi wannan. Aibinsa ɗaya, ya ƙi jinin a ce ya yi kuskure, ya gwammace ya yini da yunwa da ya ce bai iya ba.

Ofishin yana da kwamfuta ɗaya tak, tsohuwa, fara da ta koma ruwan ƙasa, wadda wasu baƙin ma'aikata suka bari da aikinsu ya ƙare. A cikinta akwai manhajar da ke riƙe da sunayen masunta tun daga Shanga har gangaren Wara, ita ce kuma ke buga katin lasin. Manhajar nan tana da taurin kai. Duk sanda aka kunna ta sai ta fara buɗe wani ɗan fayil mai bayanin na'urar, ta karanta sunanta da lambarta, in ba ta ga abin da ta sani ba ta ƙi tashi. Sunan kuma shi take bugawa da ƙaramin rubutu a ƙasan kowane kati: RUWA-04. Ba don ado aka yi haka ba. An taɓa kama wani da ya sassaƙa hatimin ofis yana sayar da katin jabu, tun daga lokacin shugaban ofishin, Malam Faruk, ya gaya wa 'yan sintirin ruwa su daina duban hatimi, su dubi ƙasan kati. Wanda ba ya ɗauke da RUWA-04 na jabu ne, a kwashe kayan mai shi.

Ɗangana ya auri Asibi, ɗiyar Wakili, dattijon wata tunga da ke kusa da Wara. Wakili masunci ne ɗan masunci, shi ke sasanta mutanen tungarsa, shi ne kuma ya shawo kansu suka yarda da zancen lasin lokacin da kowa ke cewa dabarar gwamnati ce ta ƙwace ruwa. Yana alfahari da surukinsa ƙwarai, amma irin alfaharin dattijai, wanda ba a faɗa a gaban mai shi. Shi kuma Ɗangana bai taɓa wuce ƙofar tungar da takalmi a ƙafa ba. A ofis ba wanda ya san sunan matarsa, uwar Ummi kawai yake cewa. Sai dai a gida yana da tasa kwamfutar, ta hannu, wadda ya harhaɗa da kansa, ranar da ya gama haɗa ta kuma ta nemi a ba ta suna, ya waiga ya ga ba kowa, ya rubuta ASIBI TAWA. Ango ne a lokacin, kowa ya yi angwanci ya san irin wannan wauta.

Wata Juma'a, ana cikin farin ruwa, wato cikar kogi ta ƙarshen damina, lokacin da kifi ke hawa kowa na neman sabunta katinsa, wuta ta ɗauke. Aka tayar da janareto. Sitabilaiza ta ƙi karɓar wutar, tana ta ƙara tana kashe kanta, ga masallaci na jira. Ɗangana ya san sarai ba a yin abin da ya yi, shi da kansa ya liƙa takarda a bango cewa kada a yi. Amma ya zare filogi daga sitabilaiza ya cusa kai tsaye. Bai kai ga zama kan kujera ba ya ji ɗas, wari ya tashi, ɗan hayaƙi ya fito ta bayan kwamfutar. Sauri ya haifi nawa. Ya tsaya yana kallonta gumi na zuba, ba kowa a ɗakin. Da Malam Faruk ya leƙo yana gyara hula zai tafi masallaci, ya tambaya ko lafiya, Ɗangana ya ce fanka ce ta tsaya, zai gyara kafin Litinin.

Da ya buɗe ta ya tarar allon ciki ya ƙone ƙurmus, faifan ajiya ne kawai ya tsira. Irin wannan allo kuwa an daina yinsa, ko Kano ka je sai ka dace. Abin da mai hankali zai yi shi ne ya je ya ce, ranka ya daɗe, na ƙona kwamfuta. Da an yi masa faɗa, wataƙila a rubuta masa takardar gargaɗi, shi ke nan an wuce wurin. Ina, Ɗangana ba zai iya ba. Asabar da safe ya ɗauko tasa ta gida a buhu, ya kwashe kayan cikinta ya zuba a ƙoƙon tsohuwar, ya ɗaure sukurori, daga waje ba ka ce an taɓa ba.

Saura manhaja mai taurin kai. Ga wannan ma yana da dabara. Wani abokinsa na Kontagora ya taɓa ba shi faifai mai ɗauke da emuleta, wato manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa, har tsofaffin manhajoji su zauna a cikinta suna zaton suna gida. Ɗangana mai kwaikwayo yake ce mata. Ya girka ta, ya kwafo komai daga faifan da ya tsira, sannan ya rubuta ɗan fayil na bogi mai cewa sunan wannan na'ura RUWA-04, lambarta kaza. Kowane fayil a kwamfuta yana da hanyarsa, kamar kwatancen gida: ka shiga faifai kaza, ka shiga folda kaza, ka tarar da shi. Sai ya ba mai kwaikwayo umarni, in manhaja ta nemi fayil ɗin bayani ta wannan hanya, a miƙa mata na bogin. Ya kunna. Manhajar ta tashi sumul, ga RUWA-04 a saman allo, ga sunayen masunta ba wanda ya ɓata. Ranar har 'yar waƙa ya yi yana kulle ofis. Bai gwada bugawa ba, domin katunan ƙidayayyu ne masu lamba, in ya ɓata ɗaya sai ya yi bayani, bayani kuwa shi yake gudu.

Litinin Malam Faruk ya buga hatimi a kan katunan da ke jira, ya tafi Birnin Kebbi taro na kwanaki. Waɗanda ke jira a ranar na tungar Wakili ne, mutum ashirin da uku, dattijon da kansa ya zo karɓa. Ɗangana ya buga su yana sauri don kada surukinsa ya rasa jirgin komawa, ya ninke kowanne ya sa a leda yadda masunta ke so saboda ruwa, ya miƙa da hannu biyu yana durƙushe. Wakili ya sa masa albarka ya tafi. Sauran satin firinta ta huta, tunda ba mai hatimi.

Bayan kwana takwas, ran Talata, wani mai jirgin haya ya kawo labari. 'Yan sintiri sun tare jiragen tungar Wakili a tsakiyar ruwa, sun duba katuna sun ce duk na jabu ne. Sun kwashe ragar kamun kifinsu, taru da kalli, sun cire injin jirgin Wakili, sun kai komai Wara sun kulle, sun ce sai shugaba ya dawo. Ɗangana ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya jira ɗakin ya zama ba kowa, ya jawo kwafin ofis na katunan ya kai bakin taga. Tawadar ta ɗan dushe amma ana karantawa. A ƙasan kowane kati, inda ya kamata a ga RUWA-04, an rubuta ASIBI TAWA, sau ashirin da uku.

Kunya iri biyu ta rufe shi a lokaci guda, bai san wadda zai fara ji ba. Amma hannunsa ya riga zuciyarsa, ya zauna ya shiga bin sawun abin. Kafin la'asar ya gano. Ashe manhajar sau biyu take neman fayil ɗin nan. In za ta tashi, tana kwatanta hanyar tun daga bakin ƙofa, cikakkiya, wadda ya koya wa mai kwaikwayo. In za ta buga kati kuwa, tana tsaye ne a cikin foldar bugu, sai kawai ta ce a koma baya taki ɗaya a ɗauko mata. Fayil ɗaya ne, hanya biyu. Mai kwaikwayo ya duba wannan gajerar hanya bai ga ta yi kama da wadda aka ba shi ba, sai ya juya ya tambayi ainihin na'urar da ke ƙarƙashi, ita kuwa ba a koya mata ƙarya ba, ta faɗi sunanta.

Gyaran bai fi 'yan layuka ba. Ya sa mai kwaikwayo ya riƙa warware kowace hanya tukuna, ya bi ta har ya ga inda ta ƙare, ya mai da ta cikakkiya, sannan ya gwada da wadda ya sani. Ko ta gaba aka zo ko ta baya, na bogin za a samu. Ya buga a farar takarda, RUWA-04 ta fito ras. Na rantse har murmushi ya yi, irin na ma'aikacin da aiki ya yi wa kyau. Sai da ya riƙe takardar a hannu sannan ya gane abin da ya aikata. Da, kwamfutar ita ce shedar Wakili, duk wanda ya buga kati zai ga laifin daga ofis yake. Yanzu ya toshe mata baki. Ya san zai iya mayar da ita yadda take cikin minti biyu, ya kuma san bai yi niyya ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ɗauki kwafin katunan ya tura can ƙasan durowa.

Laraba Asibi ta tashe shi da zancen zuwa jaje, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba yadda zai yi, ya hau jirgi. Ya tarar da tungar tsit, jirage a kife a kan yashi, maza zaune a inuwa tsakar rana a lokacin da ya kamata a ce suna ruwa. Mata sun bar murhun banda ba wuta. Wasu ko amsa sallamarsa ba su yi da kyau ba, an fara raɗe-raɗin cewa Wakili ya sayar da katunan gaskiya ga baƙin masunta ya kawo wa mutanensa na jabu. Dattijon yana zaune kan tabarma a ƙofar gida, ya rame cikin kwana biyu. Ɗangana ya tuɓe takalmi ya tsuguna daga nesa, ya yi jaje, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Wakili ya laluba aljihu ya zaro nasa katin, wanda ya roƙi 'yan sintiri suka bar masa.

"Malam, duba mani wagga takarda. Mi anka rubuta nan ƙasa da sunka ce ba daidai ba?"

Ɗangana ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya ɗaga sama, ya yi duk abin da mai dubawa ke yi.

"Baba, tawadar ta dushe, ba ta karantuwa."

Wakili ya gyaɗa kai ya mayar aljihu. Har ma ya shiga lallashinsa, ya ce kada ya sa damuwa a ransa, ya san ba daga gare shi ba ne, kada ya sa baki ya jawo wa aikinsa matsala. Ya roƙi Allah ya bayyana gaskiya, Ɗangana ya ce amin. Wannan amin ɗin ta fi komai damunsa a hanyar komawa.

Kwanakin da suka biyo baya bai san ɗanɗanon abinci ba. Ya yi ta ba kansa uzuri, cewa sunayen suna cikin kwamfuta, Malam Faruk zai gani ya ce a sake buga musu, a mayar da kaya, magana ta mutu ba wanda ya ji ciwo. Kullum ya fito da niyyar zai mayar da gyaran baya, kullum ya koma gida bai taɓa ba. Asibi ta tambaye shi sau biyu ko ba abin da zai iya yi, shi da ke ciki, ya ce mata abin ya fi ƙarfinsa. Ana cikin haka ruwa na ta hawa, masuntan wasu tungaye na sauke kifi a bakin kasuwar Yelwa, mutanen Wakili na zaune.

Malam Faruk ya dawo, ya sa aka kira zama ran Litinin a ofis. Aka cika ɗakin, shugaban 'yan sintiri da mutum biyu, Wakili da dattawa huɗu na tungarsa a kan benci, Ɗangana a gaban kwamfuta ya ba su rabin baya. Malam Faruk ba azzalumi ba ne, mutum ne mai bin ƙa'ida har ta gaji. Ya sa aka duba sunayen, duk suna nan. Ya sa aka buga gwaji, RUWA-04 ta fito. Ya ajiye gwajin kusa da katin Wakili a kan tebur, ya ce to ga na ofis ga wannan, ke nan katunan gaskiya sun fita daga nan, sun kuma canza a hanya, hanyar kuwa hannun mutum ɗaya ta bi. In ba a samu bayani ba dole ya miƙa maganar kotu. Ɗaya daga cikin dattawan ya matsa kaɗan daga jikin Wakili, kowa ya gani.

Sai Malam Faruk ya sa tabarau ya ɗauki katin, ya karanta a fili, a hankali, yadda ake karanta abin da ba a gane ba.

"Asibi tawa. Wakili, wace ce Asibi?"

Ɗangana bai waiga ba, amma ta gilashin allo yana hango bencin. Ya ga dattijon ya ɗago kai. Ya ga idonsa ya zo kan ƙeyarsa ya tsaya, ya daɗe, ya ga lokacin da ya gane komai. Sauran dattawan ma sun san sunan, suka dubi Wakili suna jira. Wakili ya sunkuyar da kai ya gyara zaman hularsa.

"Ban san ta ba, ranka shi daɗe. Ni na karɓi takardu, in da laifi nawa ne."

Mutumin da ya haura saba'in, wanda ake rantsuwa da gaskiyarsa daga Wara har tsallaken ruwa, ya musanta ɗiyar cikinsa a gaban jama'a don ya rufa wa mijinta asiri. Ɗangana ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya miƙe, ya kashe kwamfutar, ya zaro sukundireba daga aljihu ya shiga kwance sukurori, ɗaya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin benci ba wanda ya ɗauko. Ya cire murfin ya juyo da cikinta wajen Malam Faruk. Sannan ya faɗi komai yana kallon ƙasa, filogi da hayaƙi, buhun Asabar, fayil ɗin bogi, hanyar da ya manta da wadda ya toshe daga baya. Ya buɗe durowa ya fito da kwafin katunan. Da aka zo kan sunan, ya ce sunan iyalinsa ne, shi ya sa wa na'urar. Wani ɗan sintiri ya fara dariya, ya dubi fuskar Wakili ya haɗiye ta.

Malam Faruk ya yi faɗa ranar har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce da ƙona kwamfuta kawai ya yi da ba komai ba ne, kayan wuta gadonsu ke nan. Ya rubuta takarda a take aka saki tarun da injin, ya ba Wakili haƙuri a gaban kowa, ya dakatar da Ɗangana wata uku. Bai kore shi ba, don ba wani a Yauri da zai iya riƙe wannan haɗin gambizar, kuma a kanta ofishin ya ci gaba da aiki shekaru. Tarun da aka kwaso daga Wara an jibge su ne a jiƙe a ɗaki mai ɓeraye, kusan rabi sai da aka yi musu sabon ɗinki, kafin a gama kuma kifin shekarar ya wuce.

Da aka watse, Ɗangana ya bi surukinsa har bakin ruwa, yana tafe a baya ba takalmi, ya manta su a ƙofar ofis. Wakili bai waiga ba sai da ya sa ƙafa ɗaya cikin jirgi. Ɗangana ya durƙusa a kan laka ya fara neman gafara, dattijon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Yaushe kas sani?"

"Ran Talata, Baba."

Wakili ya mai da idonsa kan ruwa.

"Ran Laraba kaz zo mani jaje."

Bai ƙara komai ba, ya shiga ya zauna, aka tura jirgi. Bai taɓa gaya wa Asibi ba, Ɗangana ne ya gaya mata da bakinsa, ta yi sati ba ta dube shi ba sannan ta haƙura. Zumunci bai yanke ba, Wakili ya ci gaba da aiko da busasshen kifi duk kaka, ya zo sunan 'ya'yansu duka, yana amsa gaisuwa da sakin fuska. Ɗangana ya yi shekara goma sha tara a ofishin, aka san shi da cewa ba ya sakin aiki sai ya gwada shi ta kowace fuska, in ya ɓata kuma shi ke fara faɗa. Amma har Wakili ya koma ga Allah, in takarda ta zo masa, ko ta asibiti ce, sai ya sa a tuƙa shi zuwa Wara wani malamin firamare ya karanta masa, ko da surukinsa na zaune a ƙofar gidan.